Gobara a Gida, Jakada a Waje

A mako na biyu na watan Janairun 1966 shugabannin ƙasashe renon Ingila suka hallara a Legas. Karo na farko ke nan da aka yi irin wannan taro a wani gari ba Landan ba, kuma Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya kira shi, don a san yadda za a yi da Ian Smith, wanda ya ɓalle da Rodeshiya wata biyu kafin nan. Harold Wilson ya zo da kansa. Ga ƙaramar ma'aikatar harkokin waje da ba ta daɗe da tsayuwa da ƙafafunta ba, babu ranar da ta kai wannan. Sai dai filin jirgin Ikeja, inda baƙin suka sauka, a cikin Jihar Yamma yake a lokacin, Jihar Yamma kuwa tun zaɓen Oktoban 1965 ake ƙone gidaje da motoci, wani sa'in har da mutane. Aka watse taro ranar 12 ga wata. Da asubahin 15 sojoji suka ɗauke Firayim Minista daga gidansa, ba a sake ganinsa da rai ba.

Ban riski wannan zamani a bakin aiki ba, sai a tsakiyar shekarun 1970 na shiga. Amma na riski mutanen da suka jera kujerun taron, kuma daga bakinsu na fara jin abin da ba a koya mana a ajin horo. A aji, manufar ƙetare abu ce da ake zama a auna, a rubuta, minista ya sa hannu, a aika wa jakadu. A aikace kuwa, yawancin manyan juye-juyen da ƙasar nan ta yi a hulɗarta da duniya, wuta ce ta tashi a gida, sannan aka ce mu je mu yi wa mutane bayani. Sau da yawa mu ne na ƙarshe da ke jin labari.

Tun 1957 aka aza harsashin aikin, lokacin da aka zaɓi samari goma sha biyu aka tura su ofisoshin jakadancin Ingila su koyi sana'a. A cikinsu akwai Aminu Sanusi na Kano da John Garba na Borno da Leslie Harriman da Philip Asiodu. Abin da suka tarar bayan samun 'yanci shi ne ƙasa ɗaya mai baki uku. Kowace jiha tana da wakilinta a Landan, kowane Firimiya yana fita neman rance da abokai. Isra'ila ta buɗe ofishi a Legas a 1960, gwamnatin tarayya ta karɓi rancenta, Yamma da Gabas suna aiki da kamfanoninta, Sardauna kuwa ya ce Arewa ba ta buƙata, ya fuskanci Makka da Alƙahira. Tafawa Ɓalewa, wanda jam'iyyarsa a hannun Sardauna take, ya raba gardama: Isra'ila ta zauna da ofishinta a Legas, Najeriya kuma ba ta buɗe nata a can ba. Baƙon da ya ɗauki wannan a matsayin ra'ayin Najeriya kan Gabas ta Tsakiya ya ɓata hanya, lissafin kujerun majalisa ne kawai. Haka ma yarjejeniyar tsaro da Ingila. Ɗaliban Ibadan da jam'iyyar Awolowo suka sa ta a gaba har aka soke ta a Janairun 1962. Abu ɗaya da kusan kowa ya yarda da shi shi ne korar jakadan Faransa a Janairun 1961, bayan gwajin bam ɗin nukiliya na uku a Sahara. Manyanmu da dama sun yi imani de Gaulle bai taɓa mantawa da wannan cin fuska ba.

Yaƙin basasa shi ne ainihin makarantar. Tun kafin a harba harsashin farko a Yulin 1967 ma'aikatar ta yi asarar ƙwararru, domin jami'ai 'yan Gabas da dama sun koma gida bayan kashe-kashen 1966, wasu kuma daga inda suke zaune suka sauya tuta. Raph Uwechue, wanda ya buɗe ofishin Najeriya a Faris, shi ne ya zama wakilin Biyafara a garin. Mutumin da jiya kuke buɗe saƙon sirri tare, yau shi ke zagaya gidajen jaridu yana warware abin da ka ƙulla da safe. Manyanmu ba sa son dogon zance a kan wannan. In ka matsa, sai su ce kowa da uzurinsa, su sauya magana.

Gowon ya nemi jiragen yaƙi wurin abokan da aka saba. Amurka ta ce ba za ta sayar wa kowane ɓangare makami ba. Ingila ta ba da bindigogi da motocin sulke, amma ta hana jirage. Ƙasar da a Jamhuriya ta Farko ake ƙayyade yawan ma'aikatan ofishinta a Legas, ake kuma kame littattafanta a tashar jirgi, wato Tarayyar Sobiyet, ita aka nufa. A Agustan 1967 jiragen MiG suka fara isowa Kano, matuƙa daga Masar suka biyo baya. Ba wani da ya karanta Markis a Barikin Dodan ya gamsu. Buƙata ce, kuma daga wannan buƙata aka haifi abubuwa da yawa da suka wuce yaƙin, har da kamfanin ƙarfe na Ajaokuta.

A ɗaya ɓangaren, Tanzaniya ta amince da Biyafara a Afrilun 1968, Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya suka bi a watan Mayu, Haiti ta zo a 1969. Faransa ba ta amince a takarda ba, amma makamai suna bi ta Libreville da Abijan, jiragen dare kuma suna tashi daga tsibirin Sao Tome na Fotugal zuwa filin Uli. Wani kamfanin yaɗa labarai a Janeba, Markpress, yana zuba wa jaridun Turai hotunan yara masu yunwa, kuma yunwar gaskiya ce, shi ya sa babu jakadan da ya sami amsar da ta isa. Abin da Okoi Arikpo, wanda ya riƙe ma'aikatar daga 1967 zuwa 1975, ya yi, a ganina shi ne aikin diflomasiyya mafi gwaninta da aka taɓa yi a ƙasar nan, kuma an yi shi ne shiru. Ya hana maganar shiga zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya tsare ta a Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, inda kusan kowane shugaba yake da tasa Biyafarar a gida yana tsoron ta farka. Kwamitin shugabanni shida da aka naɗa a Kinshasa a Satumban 1967 ya haɗa da Sarki Haile Selassie da Ahmadu Ahidjo na Kamaru da Diori Hamani na Nijar. A Yulin 1968 kwamitin ya zauna a Yamai, Gowon ya zo, Ojukwu ma ya zo, amma kowa da ranarsa. Diori da Ahidjo, duk da igiyar da ke tsakaninsu da Faris, sun tsaya da gwamnatin tarayya har ƙarshe. Da ɗayansu ya buɗe wa Faransa ƙofa, da labarin yaƙin ya sha bamban.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan shi ne darasin da Legas ta fito da shi a Janairun 1970. Ƙasashe huɗu ne ke kewaye da mu ta ƙasa, dukkansu suna amsa kiran Faris. Dahomey ma ta bar jiragen agaji suna tashi daga Kwatano a 1969, abin da ya ɓata wa Gowon rai ƙwarai. Saboda haka duk abin da ya biyo baya, hukumar haɗin gwiwa da Nijar a 1971, wutar lantarki daga Kainji zuwa Yamai, rancen da ba ruwa da gina hanya ga Dahomey, har zuwa ranar 28 ga Mayun 1975 da ƙasashe goma sha biyar suka sa hannu a kafa ECOWAS a Legas, tushensa guda ne. Nakan ji 'yan baya suna kiran wannan almubazzaranci, wai kuɗin mai ne ya yi wa Gowon yawa. Kuɗin ya taimaka, gaskiya ne. Amma waɗanda suka tsara abin, irin su Adebayo Adedeji, sun ga yadda ƙasa ke kusa da tarwatsewa in maƙwabci ya ba da filin jirginsa, suna sayen kwanciyar hankali ne tun kafin a sake buƙatarsa.

Wata biyu bayan bikin ECOWAS, Gowon yana zaune a zauren taron shugabannin Afirka a Kampala aka raɗa masa cewa an kifar da shi. Wanda ya yi sanarwar a rediyo, Kanar Joe Garba, kwamandan masu gadinsa, shi aka ba ma'aikatarmu yana ɗan shekara talatin da biyu. A wannan iska na shigo. An sallami ma'aikatan gwamnati sama da dubu goma cikin 'yan watanni, kowa yana tafiya a kan yatsu, amma kuma akwai wani irin zafin jini da ban sake gani ba. Da Afirka ta Kudu ta tura sojoji Angola, gwamnatin Murtala ta watsar da batun gwamnatin haɗin gambiza da ta fara goyon baya, ta amince da MPLA a Nuwamban 1975, ta ba ta dala miliyan 20. Shugaba Ford ya aiko wasiƙa yana jan kunnen shugabannin Afirka, sai aka miƙa wa jaridu ita tare da amsa mai zafi. Jawabin Murtala a Addis Ababa a Janairun 1976 kowa ya san shi. Ina cikin masu alfahari da shi har gobe. Sai dai wanda ya zauna a ciki ya san abin yana da fuskar gida. Gowon ya saɓa alkawarin da ya yi na miƙa mulki a 1976, jama'a sun gaji da jan ƙafa, sababbin shugabanni matasa ne da ke buƙatar nuna cewa su daban ne, kuma babu inda ya fi sauƙin nunawa cikin gaggawa kamar waje. Ɗalibai da malaman jami'a, waɗanda su ne masu surutu a lokacin, nan take suka dawo bayan gwamnati.

Bayan wata guda aka kashe Murtala. Dimka, jagoran yunƙurin juyin mulkin, ya bi ta ofishin jakadancin Ingila a safiyar ranar, Gowon kuma yana karatu a Warwick, Ingila ta ƙi miƙo shi. Jakadansu, Martin Le Quesne, sai da ya bar ƙasar. Tsamin da ya shiga tsakaninmu da Landan daga wannan safiya bai gama washewa ba har 1979, da Obasanjo ya ƙwace kadarorin BP ana jajibirin taron Lusaka kan Rodeshiya.

A shekarun nan ne kuma malaman jami'a suka shigo fagen da ƙarfi, suka fara rubuta abin da mu muke faɗa a ɗakin shan shayi. Gordon Idang ya fitar da littafi a 1973 kan siyasar cikin gida da manufar ƙetare a Jamhuriya ta Farko, Ibrahim Gambari ya fitar da nasa a Zariya a 1980 kan jam'iyyu da manufar ƙetare. Bolaji Akinyemi yana jagorantar Cibiyar Nazarin Harkokin Duniya ta Legas, Bala Usman yana cikin kwamitin da ya sake duba manufar ƙasar a zamanin Murtala. Tsakaninmu da su akwai 'yar tsama. Su suna ganinmu masu ɗaurin wuya da suka gaji ladabin Bature, mu muna ganinsu masu dogon Turanci da ba su taɓa zama gaban jami'in wata ƙasa suna neman alfarma ba. Daga baya Gambari da Akinyemi duk suka zama ministocinmu, suka ɗanɗana abin da muke ɗanɗana.

Abin da shekarun 1980 suka koya mini ya fi ɗaci. Maƙwabtan nan da aka yi shekara goma ana lallashi, su ne na farko da ke biyan kuɗin rikicinmu. Tun a Janairun 1980 aka ga alama, da aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Borno, aka tsallaka da shi Cadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, har sai da kotu ta dawo da shi. A Disamban shekarar rikicin Maitatsine ya ci dubban rayuka a Kano, kuma da yake Muhammadu Marwa daga Kamaru ya fito, kalmar baƙi ta shiga bakin 'yan siyasa. Farashin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, ga zaɓe yana tafe a Agustan 1983. Ranar 17 ga Janairun 1983 ministan cikin gida, Ali Baba, ya ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya fice. Mutum wajen miliyan biyu suka kama hanya, kusan rabinsu 'yan Gana, alhali Gana ta rufe iyakarta, mutane suka jibge a Seme da tashar ruwa ta Apapa da ƙullin kayansu. Shekara huɗu kacal kafin nan ƙasar nan ta sa hannu a yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS. An ba mu abin faɗa: doka ce, kowace ƙasa tana da haƙƙin tsare iyakarta, Gana ma ta kori 'yan Najeriya a 1969 zamanin Busia. Duk gaskiya ne. Mun faɗa, amma ba na jin akwai wanda muka gamsar.

Ƙarshen shekarar, da sojoji suka yi juyin mulki, ina wani ƙaramin ofishi a ƙetare. Ranar juyin mulki a ofishin jakadanci tana da nata tsari, wanda ba a rubuta ko'ina ba. Na'urar teles ta yi tsit. Kowa ya taru a ɗakin da rediyo mai gajeren zango ya fi kamawa, ana murɗawa daga Landan zuwa Kaduna zuwa Legas, ana jin kaɗe-kaɗen soja. Waya tana ta ƙara, ma'aikatar harkokin wajen masu masauki suna tambaya cikin ladabi wa ke riƙe da ƙasa, mu kuma muna cewa muna jiran umarni. Hoton shugaba yana rataye a zaure, babu mai son ya zama wanda ya sauke shi, babu kuma mai son a ce ya bar shi. A ƙarshe wani masinja ya ce bangon yana buƙatar fenti, aka sauke hoton saboda fenti. Da saƙo ya iso, sai muka buga takardar da kowane ofishi ya riga ya haddace, cewa sabuwar gwamnati za ta mutunta duk yarjejeniyoyin da ƙasa ta ƙulla. Jakadan da siyasa ta kawo shi ya fara haɗa kaya a daren.

Gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki a Afrilun 1984 don canjin kuɗi, ta bar su a rufe, sai a 1986 aka buɗe. Rufewar ta faɗo daidai da fari, har a wasu sassan Nijar mutane suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan Buhari. A Yulin 1984 aka tsinci Umaru Dikko a sume cikin akwati a filin jirgin Stansted, ana shirin loda shi a jirgin Najeriya, da likita Ba'isra'ile a gefensa. Gwamnati ta ce ba hannunta. Kotun Ingila ta ɗaure mutum huɗu, aka janye jakadu, aka shekara biyu ana gaisawa daga nesa. A shekarar ce kuma aka ƙwace fasfon Sarkin Kano Ado Bayero da na Ooni na Ife, aka hana su fita daga ƙasarsu na wata shida, saboda sun ziyarci Isra'ila, wadda muka yanke hulɗa da ita tun 1973. Sai 1986, aka wayi gari Najeriya ta zama cikakkiyar mamba a Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a taron Fas na Maroko, inda Rilwanu Lukman ya jagoranci tawaga. Mataimakin Babangida, Ebitu Ukiwe, ya ce ba a kawo maganar majalisar mulki ba, kafin shekara ta ƙare ya rasa kujerarsa. Wannan karon abin ya juya, matakin waje ne ya kunna wuta a gida, kuma har yau ba ta gama mutuwa ba. Da Babangida ya maido da hulɗa da Isra'ila a 1992, da yawa daga cikinmu mun karanta shi a matsayin biyan bashin 1986.

Babu zamanin da ya gwada mu kamar na Abacha. Soke zaɓen 12 ga Yunin 1993 ya fara jawo takunkumi, amma ranar 10 ga Nuwamban 1995 ce ta karya gadar. An rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal a daidai lokacin da shugabannin ƙasashe renon Ingila ke taro a Auckland, Mandela yana wurin, bayan ya sa mutuncinsa a kan cewa lallashi zai yi aiki. Washegari aka dakatar da Najeriya, kuma babban sakataren ƙungiyar a lokacin, Emeka Anyaoku, ɗan Najeriya ne da ya fito daga ma'aikatarmu. Ƙasar da ma'aikatanta suka ba da wani kaso na albashinsu don 'yantar da Afirka ta Kudu, ita ce yanzu ke musayar baƙar magana da Mandela. Aka hana 'yan wasanmu, masu riƙe da kofi, zuwa gasar Afirka ta 1996 a can, hukumar ƙwallo ta ƙara mana da haramcin 1998. Da birnin New York ya sa wa kusurwar titin ofishinmu sunan Kudirat Abiola, sai aka sa wa titin ofishin Amurka a Legas sunan Louis Farrakhan. Farfesa Gabriel Olusanya ya kira salon zamanin ministanmu Tom Ikimi diflomasiyyar 'yan daba, sunan kuma ya bi shi.

Yadda wariya ke zuwa wa jakada ba da hayaniya ba ne. Ina wata ƙasar Turai a lokacin. Katunan gayyata suka fara raguwa. In ka nemi ganin darakta, sai a haɗa ka da yaron da ke riƙe da fayil ɗin Afirka ta Yamma, ya saurare ka da biro a hannu, ba ya rubuta komai. Walimar 1 ga Oktoba, wadda da ake rasa wurin tsayawa, ta koma mu da 'yan'uwa jakadun Afirka da na Asiya, shinkafa tana hucewa a tukunya. Ƙofar ofis kuwa kullum da masu kwalaye, yawancinsu 'yan Najeriya. Wani da na gani jiya yana ɗaga kwali yana kiranmu karnukan soja, yau ga shi a layin sabunta fasfo, muka gaisa, na tambaye shi iyali, ya tambaye ni aiki. Ni ma ina da ra'ayina kan abin da aka yi a Fatakwal, amma ba shi aka aiko ni in faɗa ba.

Gwamnati ta juya gabas, ta nemi Sin da Turkiyya da Iran da Malesiya, ta shiga ƙungiyar D-8 a 1997, Abacha har ya ce Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu. Amma takunkumin bai taɓa kai wa ga mai ba, kuma ƙasashen da suka hana janar-janar ɗinmu biza su ne ke buƙatar sojojinmu a Laberiya da Saliyo. A Fabrairun 1998 dakarun ECOMOG suka kori sojojin da suka yi juyin mulki a Freetown, a Maris aka maido da Tejan Kabbah, zaɓaɓɓen shugaba. A lokacin Abiola yana tsare, Obasanjo yana kurkuku, Shehu 'Yar'aduwa bai fi wata uku da rasuwa a gidan yarin Abakaliki ba. Ban yarda da masu cewa wasan kwaikwayo ne zalla ba, sojojinmu sun mutu a can da gaske, kuma tsoron wutar maƙwabci tsohon tsoro ne tun na Biyafara. Amma gwamnatin da aka rufe wa ƙofofi ta san cewa wannan ce ƙofa ɗaya da ba mai iya rufe mata. Da farar hula suka dawo a 1999, aka fara janye sojojin, domin zaɓaɓɓiyar gwamnati ba za ta iya ɓoye gawawwaki da kuɗin da ake kashewa ba.

Shekarun Obasanjo na biyu na wanke suna ne, ya yi ta yawo har ana yi masa ba'a, amma a 2005 ya samo yafiyar bashin dala biliyan 18. Ko a nan gida bai bar mu mun huta ba. Da jihohin Arewa suka fara shari'a a 2000, buhunan wasiƙu suka riƙa isowa ofisoshinmu na Turai kan hukuncin jifa, muna ta bayanin bambancin kotun jiha da ta tarayya da matakan ɗaukaka ƙara ga mutanen da ba bayani suke nema ba. A Nuwamban 2009 Umaru 'Yar'aduwa ya tafi jinya Jidda bai miƙa mulki ba. Ranar Kirsimeti wani matashi ɗan Najeriya ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin Detroit, Amurka ta sa mu cikin jerin ƙasashen da ake yi wa binciken musamman, babu shugaban da zai ɗaga waya ya kira Obama. A daidai lokacin rikicin tazarcen Tandja yana ci a Nijar, shugaban ECOWAS kuwa shi ne mara lafiyan da ke Jidda. Sojoji suka raba gardamar a Yamai a Fabrairun 2010.

Na bar aiki kafin Boko Haram ta kai ƙarfinta, saura daga gefe na kalla. A 2013 aka janye wani ɓangare na sojojinmu daga Mali saboda ana buƙatarsu a Borno. A 2014 Amurka ta hana a sayar mana da jirage masu saukar ungulu, Afirka ta Kudu ta kama dala miliyan 9.3 a jirgin da aka ce na sayen makamai ne. A farkon 2015 sojojin Cadi da na Nijar ne suka ƙwato Damasak. Ga wanda ya girma a kan cewa Najeriya ce ke kai wa maƙwabta ɗauki, ganin haka ba daɗi.

Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya sami gwamnatin Tinubu tana wata biyu, ƙarar zaɓe tana kotu, cire tallafin mai ya harzuƙa jama'a, kuma mako biyu da 'yan kwanaki ke nan da ba shi shugabancin ECOWAS. Ranar 30 ga wata aka ba sojojin Yamai wa'adin kwana bakwai, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da aka fara ba su tun bayan yaƙin basasa. A ranar da aka yanke wannan shawara Najeriya ba ta da ministan harkokin waje, domin sai 21 ga Agusta aka rantsar da ministoci. Wanda ya taka wa yaƙin birki shi ne gida. Jihohi bakwai ne ke jingine da Nijar, daga Kabi zuwa Borno, kuma mutumin Jibiya ko Illela ko Maigatari ba ya kallon Maraɗi da Ƙwanni da Damagaram a matsayin ƙasar waje. Sanatocin Arewa suka ƙi, majalisar dattawa ta ƙi, limamai suka yi huɗuba. Waɗanda suka iya shiga Yamai kuwa su ne Abdussalami Abubakar da Sarkin Musulmi, da tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau, da Muhammadu Sanusi na biyu, ɗan Aminu Sanusin nan na cikin goma sha biyu, wanda ya riga su ganin jagoran juyin mulkin, Janar Tchiani, ba da takardar ma'aikata ba, da rawaninsa da ɗariƙarsa.

An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun ce sun fita daga ECOWAS, fitar kuma ta tabbata a Janairun 2025. A Satumban 2023, ana tsakiyar wannan dambarwa, aka kira jakadun Najeriya gida, aka kuma shafe fiye da shekara ba a naɗa wasu ba. Ofisoshin suka zauna a hannun muƙaddasai. Muƙaddashi yana iya sa hannu a biza, ya halarci walima, ya aika rahoto Abuja, amma a yawancin manyan birane ba a shigar da shi wurin minista, balle shugaban ƙasa.